Baƙauyen da Ake wa Dariya a Wasan Ƴan Lakwal

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa zuwa kallon wasan ƴan kwaleji? In shekarar karatu ta kusa ƙarewa, wajen watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya zauna kowa ya nufi gona, ɗalibai sukan shirya ranar al'adu. A share filin makaranta, a kafa rumfa, a jera teburan aji su zama dandali. A aro kujeru, a yi hayar lasifika da ɗan inji mai ba da wuta. Sai a yi rawa, a yi waƙa, a yi kokowa, a yi gasar karatu. Daga ƙarshe a yi wasan kwaikwayo, wanda mutanen birni ke ce wa teyatur. Shi ne kowa ke jira.

Wannan al'ada ce ta makarantun ƙasar nan, manya da ƙanana. Ɗiyan Garhanga da na ƙauyukan da ke kewaye da ita suna cikinta. Wasu suna kwalejin kusa da gida, wasu suna Keita ko Buza ko Madawa. Waɗanda suka yi nisa suna Tawa, a makarantar horon malamai mai sunan Kawsan, ko a jami'ar da aka kafa a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi Jibo Hamani. Yaran nan namu ne. Da kuɗin albasa da na wake da na ɗan akuya aka saya musu kaye da bik. Saboda haka abin da suke nunawa a dandali ya shafe mu, kuma muna da bakin magana a kansa.

Yau za mu duba wannan wasa kamar yadda ake duba sa a kasuwa kafin a saya. Mu faɗi inda yake da kyau, mu faɗi inda yake ɗingishi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yabon gwani ya zama dole

Mu fara da yabo, don yaran sun ci a yaba musu. Ba su da kuɗi, ba su da gidan wasa, galibi ba su da littafin da za su haddace. Sukan zauna a ƙarƙashin icce bayan an tashi daga aji, su shirya labari, su raba wa juna matsayi. Kowa ya nemo maganar da zai faɗa daga bakinsa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa gaban taron biki don ya yi magana ya san yadda ƙafa ke rawa.

Suna kuma da kunne. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai kwaikwayi tarin tsoho, da tafiyar dillali, da muryar mushe in ya yi fushi, har ka rantse mutanen ne suka hau teburi. Ƴan mata ma sun cancanci yabo na musamman. Yarinyar da a gida ba ta ɗaga ido gaban baƙo, ga ta tsaye gaban ɗaruruwan mutane tana magana ba gargada.

Abu na uku shi ne harshe. Wata tara yaran nan suna fama da Faransanci a aji. A ranar wasa sai bakinsu ya buɗe da Hausa, da karin magana da habaici da zambo, wani lokaci har da Buzanci ko Fillanci. A 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Dandalin ƴan lakwal ya riga dokar da shekaru masu yawa.

Daga ina wannan wasa ya fito?

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a gina lakwal, yara na yin tashe a watan azumi, suna bi gida gida, wani ya zama tsoho mai gemun auduga, wani ya cusa tsumma ya zama mai tumbi. Ƴan kama na yawo kasuwa kasuwa suna ba mutane dariya. A Damagaram ana yin wasan kara, inda samari ke shiga kamar sarki da komanda da shugaban ƙasa, da kayan sarauta da bindigogi na kara. A wannan wasa manya ake kwaikwayo, kuma manyan suna zaune suna kallo.

Na lakwal kuwa, tushensa wata makaranta ce a ƙasar Senegal mai suna Wilyam Ponti, inda Faransa ta horar da malamai da ma'aikata na ƙasashen da ta mulka. Bubu Hama da Jori Hamani sun yi karatu a can. A shekarun 1930 akan ce wa ɗalibai in sun tafi hutu su tambayi tsofaffi tarihi da al'adu, su dawo su mai da su wasa. A 1937 har birnin Paris aka kai su suka yi wasa. Amma ka lura da abu ɗaya. Da Faransanci ake yawancin maganar, masu zama a kujerun gaba kuma manyan Nasara ne. An ɗauko al'adar ƙauye an nuna wa baƙo, mai al'adar ba ya wurin.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da samariya. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwa, har Tawa ta karɓi nata. Kowane yanki ya kawo wasansa da rawarsa, a yi gasa. Malaman makaranta irin su Yazi Dogo suka yi suna da wasa cikin Hausa, a rediyo da talabijin. Ta haka wasan lakwal ya dawo harshenmu. Sai dai ya dawo ɗauke da kaya. Kowane wasa sai ya zo da darasi, a yi wa jama'a gargaɗi a kan tsabta, ko auren dole, ko cin rani, ko cin hanci. Har yau a kan wannan turba ƴan kwaleji suke tafiya.

Wasa uku da aka saba gani

In ka je kallo sau uku ko huɗu, za ka ga labarin bai cika canzawa ba.

Na farko shi ne baƙauye a likita. Yaro ya shigo da yagaggiyar riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kifa malfa a karkace, ya shafa toka a haɓa. Ɗansa ba lafiya. Ya kai shi wurin boka, boka ya cinye masa akuya. Da ciwo ya yi tsanani sai ya kai shi likita. Lokotoro ya ce a ba yaro ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da dare, shi kuwa ya ɗura masa duka a lokaci guda wai don ya warke da wuri. In an yi masa Faransanci ya murɗe kalmar ta zama abin dariya. Fili ya ɗauki sowa.

Na biyu shi ne auren dole. Yarinya ce mai ƙoƙari a aji. Ubanta ya karɓi kuɗin wani alhaji, ya ce lakwal ta ƙare. Uwa na kuka a gefe, ba ta da ta cewa. Mushe ya zo ba da haƙuri, uba ya kore shi da sanda. Daga ƙarshe hukuma ta iso, jandarma ko alƙali, a karanta wa uba doka, ya durƙusa ya ce ya tuba.

Na uku shi ne ɗan cin rani. Ya tafi Abijan ko Legas ko Libiya, ya dawo da baƙin tabarau da babbar salula, yana tafiya yana ɗaga kafaɗa, wai ya manta Hausa. Kwana kaɗan kuɗi suka ƙare, ya sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya koma abin tausayi.

A ƙarshen kowanne, wani ɗalibi mai gogaggun kaya zai fito gaban lasifika ya ce: "Jama'a, kun ga illar jahilci." A tafa, a watse.

Ba mu ce ƙarya aka yi ba. Akwai boka mai cin akuyar mutane. Akwai yarinyar da aka cire daga aji aka aurar tana kuka, wannan kuwa abin baƙin ciki ne, ya kamata a faɗe shi da babbar murya. Akwai wanda ya yi shekara a waje ya dawo da tabarau kaɗai. Amma rabin gaskiya aka nuna. Rabin da aka bari a baya shi ne ya fi nauyi, kuma shi ne zai sa wasan ya yi daɗi.

Abin da aka bari a baya

Ɗauki wasan likita. Me ya sa uban ya fara zuwa wurin boka? Kai da ke zaune a ƙasar Adar ka san amsa. Likita na da nisa, hanya duwatsu ne da ƙoramu. In ruwa ya sauka ƙorama ta kawo, amalanke ba ya ƙetarewa. Boka yana nan cikin gari, yana karɓar kaza, yana yarda da bashi har kaka. Kantin magani ba ya karɓar kaza. Uban nan ya kwana yana lissafi, yaro na zafi a gefensa, yana tunanin ko ya sayar da tunkiyar da ta rage. Wannan daren shi ne zuciyar labarin, amma ba a nuna shi. Batun ƙwaya kuma, da wane harshe aka rubuta takardar magani? Wa ya tsaya ya yi masa bayani a natse? Da an nuna haka, da dariyar ta rabu biyu, rabi ga uba, rabi ga wanda ya sallame shi cikin gaggawa.

Ɗauki wasan aure. A ƙauyen da ba kwaleji, yarinya ƴar shekara 12 ko 13 sai ta tafi wani gari ta zauna gidan mai masauki. Uba na tunanin me za ta ci, wa zai kula da ita, wa zai tsare mutuncinta. Ya ga ɗiyan maƙwabta sun yi shekara huɗu sun faɗi jarrabawa, sun dawo ba takarda ba sana'a. Ya ga masu takardar ma wasu na zaune. Wannan tsoro bai halatta masa ya yi wa ɗiyarsa dole ba. Amma wanda bai san tsoron da ke zuciyar uba ba, ta yaya zai cire shi? Uwar kuma da aka nuna tana kuka kawai, ba ita muka sani ba. Wadda muka sani tana saƙa tabarma, tana soya ƙuli-ƙuli, tana zuba adashi don ta sayi sabulu da takalmin yarinya. In rikicin aure ya tashi a gari, ba jandarma ke fara zuwa ba. Kaka ce ke magana, da gwaggo, da kawu, da liman, da mai gari. Wasan ya share su duka, ya nuna kamar ba mai hankali a ƙauye sai wanda ya zo da mota.

Ɗauki wasan cin rani. Wane gida ne a Adar bai da mutum a waje? Damina wata uku ce zuwa huɗu, rumbu kuma sau da yawa ba ya kai mutum wata damina. Kuɗin cin rani ne ke sayen buhun hatsi da kwanon rufi. Wataƙila ma da su aka sayi rigar da mai yin wasan ya sa. Matar da aka bari shekara biyu da yara da tsofaffi, babu ita a dandali. Wanda ya tafi aka daina jin labarinsa, babu shi. Tabarau kaɗai aka gani.

Taubashi yana ramawa

Wani zai ce, to ai wasa ne, mu ma muna yi wa juna dariya. Haka ne. Bafillace da Babarbare, Ba'are da Bafillace, Bagobiri da Bazabarme, kullum suna tsokanar juna, ba wanda ke fushi. Wannan taubasantaka ta ƙasar Nijar har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma tana da ƙa'ida. Taubashi yana ramawa. In ka ce masa bawanka ne, zai ce kakansa ne ya sayi kakanka, kowa ya yi dariya, a rabu ana raha. A wasan ƴan lakwal baƙauye ba ya ramawa. Daga farko har ƙarshe ba a sa masa kalma ɗaya mai hikima a baki.

Wannan ne ma ke rage wa wasan armashi. Ka tuna da kokowa. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maradi ya zama zakara. Tun daga lokacin, me ke sa mutane su cika fili, wasu su manne da rediyo? Don ba wanda ya san wa zai kai ƙasa. In an ɗaure hannun ɗan kokowa ɗaya kafin a buga ganga, wa zai tsaya kallo? Wasan kwaikwayo ma haka yake. In uba da mushe za su kara, a ba kowa hujjarsa mai ƙarfi, har mai kallo ya rasa bayan wa zai bi. A nan ne mutum ke komawa gida yana tunani. Wasan da aka san ƙarshensa tun daga shigowar malfa, dariyarsa ba ta wuce ƙofar makaranta.

Me ya jawo haka?

Ba mugunta ce ta sa yaran yin haka ba. Dalilai ne guda uku.

Na ɗaya, dariyar baƙauye tana da araha. Da an ga yagaggiyar riga an fara dariya, ba sai an wahala ba. Yaran kuma sun taso suna kallon finafinan Kano a salula, suna kwaikwayon irin su marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014. Ibro gwani ne. Amma in ka lura, sau da yawa wawan da yake fitowa a matsayinsa yana da wayo a ɓoye, yakan juya mai kuɗi da mai ilimi. Yaranmu sun ɗauki rigar, sun bar wayon.

Na biyu, kujerun gaba. Su wa ke zama a kansu? Manyan baƙi ne, da ma'aikata, da masu furojen da suka biya kuɗin lasifika. Iyaye, in an gayyace su, suna tsaye can baya cikin rana. Mai wasa fuskar da ke gabansa yake kallo, ita yake son ta yi murmushi. Gadon Ponti ke nan bai ƙare ba. Har yanzu ana nuna ƙauye ga wanda ba ya kwana a ƙauye.

Na uku, lakwal ba ta cika tambayar yaro abin da ubansa ya sani ba. Uban nan ya san bambancin jigawa da fadama da fako. Ya san irin hatsin da ke nuna da wuri. Yana duban hadari ya ce wannan na iska ne, wannan na ruwa ne. Uwar ta san ganyen da ake ci in rumbu ya ƙare. Tun da ba a rubuta wannan a allo ba, sai yaro ya ɗauka ilimi shi ne abin da ke cikin kaye kaɗai.

Asarar da ake yi

Kada ka ce abin ƙarami ne. Ka ɗauka wani dattijo ya taho daga ƙauye a ƙafa don ya ga ɗansa a dandali. Ya tsaya a baya, ya ga ɗan ya sa irin rigarsa, yana irin tafiyarsa, mutanen gari na ta dariya. Me zai ce a ransa? Zai ce, ashe abin da ake koya musu ke nan. Gobe in an zo rubuta sunan ƙaramar ɗiyarsa, sai ya ce ta tafi wurin kakarta. Wasan da aka shirya don a sa yara mata a makaranta, shi ne ya hana wata shiga.

Yaron ma yana asara. Wanda ya saba mai da ubansa abin dariya, ran da uban ya zo ƙofar makaranta da ƙullin gari a kai, sai ya ji kunyar nuna shi ga abokai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mai koyon aikin malanta kuwa nasa ya fi nauyi. Gobe ƙauye za a tura shi. In ya iso da hoton baƙauyen dandali a kansa, zai yi wa iyaye magana kamar yara. Mushen da ya iso gari da raini ba ya samun yara a aji, ba ya samun fura a gida.

An taɓa yin wani iri

Ba dole ne wasan ɗalibai ya zama haka ba. Malam Aminu Kano, wanda daga baya ya zama jagoran talakawa a Najeriya, ya yi karatu a kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Yana ɗalibi ya shirya wasanni cikin Hausa. Ɗaya daga cikinsu sunansa "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?" A ciki ma akwai mutumin karkara da ya shigo birni. Amma yatsa ba shi aka nuna wa ba, ƴan kasuwar da ke cutarsa aka nuna wa. Kayan wasan iri ɗaya ne da na yaranmu, inda aka tsaya ne ya bambanta.

A ƙarshen shekarun 1970 kuma, ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa fita zuwa Samaru da ƙauyukan da ke kewaye. Sukan zauna da mutane su saurari damuwarsu tukuna, sannan su shirya wasa a kanta. Su nuna shi a dandalin gari, in an gama a buɗe magana, mai gyara ya gyara, mai musu ya yi musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Labarun da ke jiran mai nunawa

Ƙasarmu ba ta rasa labari ba. A 1984 aka fara Furojen Keita da taimakon ƙasar Italiya, a gundumar da Garhanga ke ciki. Maza da yawa suna cin rani, mata ne suka fi yawa a wurin aiki. Sun ɗauki duwatsu a kai, sun haƙa ramuka a jikin tsaunuka, an dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. Fakon da ba ya fid da ko ciyawa ya koma gona. To, da ya koma gona, ta wa ce? Ta wanda kakansa ya bar ta, ko ta wadda ta ɗauki dutse? Makiyayin da ya saba bi ta nan da garkensa fa? Ga wasa wanda kowa ke da hujja. Matan da suka yi aikin suna nan da ransu a gidajenmu, su ne kakannin ƴan kwalejin yau.

A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro tare da ƙungiyar CARE don a tare iska. Manomin da inuwa ta ci gefen gonarsa yana da magana. Ran da itatuwa suka isa sara, tambayar wa ke da iccen ta taso. Akwai yunwar 1984, wadda wasu ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a lokacin. Akwai mai albasa da ya ci bashi ya yi noma, kasuwa ta faɗi ranar da ya kai kaya. Akwai tarihin Adar kanta, da zuwan Agabba ɗan sarkin Agadas a ƙarni na 17, wanda Jibo Hamani ya rubuta littafi a kansa a 1975. A cikin waɗannan akwai dariya, akwai kuka, akwai wawa da mai wayo a kowane ɓangare.

Naka aikin

Yanzu, ya kai mai karatu, ga abin da ya rage gare ka. In an yi ranar al'adu, ka je. Ke ma uwar gida ki je. In kun zauna kallo, ku riƙe tambaya huɗu. Wa ake wa dariya, kuma an ba shi damar ramawa? Dalilin da aka ba uba ko uwa a wasan, shi ne dalilin da muka sani a gida? Wa ya warware matsalar, mutanen gari ne ko baƙo mai mota? Bayan an watse, akwai abin da ya rage maka na tunani?

Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyayen yara da kwamitin kula da makaranta. In kana ciki, ka nemi a ajiye wa iyaye kujeru a gaba. Ka nemi a kawo wasan cikin gari ranar kasuwa, ko da dare a dandali, a bar mutane su yi magana bayan an gama. Ka yi wa darakta da malamai maganar cikin ladabi, yawancinsu ɗiyan manoma ne, za su gane.

In ɗanka ya zo hutu, kada ka tsawata masa a kan wasan da ya yi. Ka yaba masa muryarsa da ƙarfin halinsa. Sannan ka zaunar da shi ka ba shi labarin daren da ka kwana kana lissafin kuɗin magani, ko shekarar da ka tafi Abijan ka bar uwarsa da ciki. Tun da yanzu hannunka ya iya alƙalami, ka rubuta labarin da kanka, ko shafi ɗaya ne, ka ba shi ya kai wa abokansa. Ku karanta wannan magana tare a ajinku, ku yi shawara a kan labarin garinku da ya fi cancanta a nuna baɗi.

Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya ba mu damina mai kyau.